Rahoton mai duba gida cike da "ba a duba ba": shin haka ƙa'idar aikin take?

Ummu Hafsat ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san aikin duba gidaje. Muna shirin sayen wani gida da aka ɗan jima da ginawa, kuma kafin mu biya kuɗi mun ɗauki mai duba gida domin ya ba mu rahoto a rubuce kan halin da ginin yake ciki. Rahoton ya iso da kaurinsa, ga hotuna birjik, amma da na zauna na karanta shi a tsanake sai na ga abubuwan da suka fi damuna su ne ya fi taƙaita magana a kansu.

Game da sararin da ke tsakanin silin da rufi, abin da ya rubuta kawai shi ne ba a duba ba, ba tare da ya faɗi dalili ba. Akwai wata tsaga da ta taso daga kusurwar tagar falo ta nufi sama a karkace. Ya ɗauki hotonta ya rubuta cewa a nemi injiniya, bai faɗi faɗinta ba, bai kuma ce ko ta ratsa zuwa waje ba. A ɗakin da ke jikin banɗaki kuwa, an yi wa ƙasan bango ɗaya sabon fenti alhali sauran ɗakin tsohon fenti ne, ni da ba sana'ata ba ce na lura da hakan, amma rahoton bai ambace shi ko a layi ɗaya ba. Sai shafuka biyu cur a ƙarshe da ke jero abubuwan da ya ce ba ya ɗaukar alhakinsu, har da cewa idan aka same shi da kuskure, iyakar abin da zai biya shi ne kuɗin aikin da ya karɓa.

Shin akwai wasu ƙa'idoji tsayayyu da masu wannan sana'a suke bi, waɗanda suka fayyace abin da dole ne a duba da abin da dole ne a rubuta? Idan akwai, wannan rahoton ya cika su, ko kuwa mai shi ya fi kula da kare kansa a kan sanar da mu gaskiyar halin gidan?

Tsohon Safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Ummu Hafsat. Ƙa'idoji akwai su, a rubuce kuma, sai dai kowace ƙasa da nata, don haka abin da za ki fara nema a rahoton shi ne wace ƙa'ida mai shi ya ce ya bi. Idan bai ambata ba, babu ma'aunin da za a auna aikinsa da shi, wannan ma naƙasu ne. A Amurka waɗanda suka fi shahara su ne ta ƙungiyar masu duba gidaje ta ASHI, wadda aka kafa a 1976, da ta takwararta InterNACHI, wasu jihohin kuma suna da tasu ta doka. A Birtaniya akwai ta hukumar safiyoyi ta RICS, wadda sabon tsarinta na duba gidajen zama ya fara aiki ranar 1 ga Maris 2021. Ostareliya na da nata mai lamba AS 4349.1, na shekarar 2007.

Lafazinsu ya sha bamban, amma sun haɗu a kan cewa wannan aiki na gani da ido ne. Mai dubawa ba ya fasa bango, ba ya ɗaye tayil, ba ya haƙa ƙasa don ganin fandisho, ba a kuma ɗora masa janye kayan mai gida ko kunna abin da ya tarar an rufe shi daga tushe, kamar ruwan da aka kulle ko wutar da aka yanke. Ƙa'idar ASHI ta ce abin da ke kansa shi ne sassan da ake iya kaiwa gare su cikin sauƙi kuma ido ke gani. A abubuwan da suke da yawa iri ɗaya, kamar tagogi da soket, an yarda ya gwada ɗaya a kowane ɗaki a madadin saura. Haka nan ba aikinsa ba ne ya faɗi darajar gidan a kasuwa, ko ya ba da tabbacin cewa ginin ya cika dokokin gini, ko ya yi lissafin nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka. Saboda haka ganin "ba a duba ba" a rahoto, a karan kansa, ba laifi ba ne. Ni ma na fi jin tsoron rahoton da babu wannan magana a cikinsa ko sau ɗaya, domin babu gidan da mutum zai ga kowane lungunsa a ziyara ɗaya.

Inda matsalar take shi ne ƙa'idar da ta taƙaita masa abin da zai duba, ita ce kuma ta tsaurara a kan abin da zai rubuta. A tsarin ASHI dole ne rahoto ya bayyana duk sashen da ba ya aiki daidai, ko yake da babban aibi, ko yake da haɗari, ko ya kusa ƙarshen rayuwarsa. Ya ba da shawarar a gyara ne, ko a sa ido, ko a ƙara bincike. Ya yi bayanin dalilinsa idan aibin ba a fili yake ba. Sannan duk sashen da yake nan a gidan amma bai duba ba, ya ambace shi tare da dalilin rashin dubawar. Wannan na ƙarshen shi ne rahotonki ya gaza cikawa. Har ila yau ƙa'idar ta wajabta masa ya faɗi hanyar da ya bi wajen duba rufi da cikin silin: hawa ya yi, ko daga kan tsani ya leƙa, ko daga ƙasa ya hanga. Dalilin na da muhimmanci ƙwarai ga mai saye, domin "babu ƙofar shiga silin kwata-kwata" daban ne da "an tokare ƙofar da kabad", kuma dukansu daban ne da "katakon ya ruɓe har ba zai ɗauki mutum ba". Na farko yana nufin sai an huda kafin a gani, na biyu waya ɗaya za a yi wa mai gida ya janye kabad a dawo, na uku kuwa shi kansa babban sakamako ne da ya kamata ya zo a shafin farko. Jihar Texas ta ɗauki wannan bambanci da muhimmanci har ta tilasta wa masu lasisi amfani da fom guda, inda kowane sashe yake da akwatuna huɗu: an duba, ba a duba ba, babu shi a gidan, yana da aibi.

Sai ki duba matakin aikin da kuka biya. RICS ta kasa shi uku. A mataki na ɗaya mai dubawa zai leƙa cikin silin ne daga bakin ƙofa kawai. A na biyu zai shiga ciki idan babu haɗari, ya mai da hankali ga wuraren da aka san suna saurin lalacewa. A na uku zai ƙara da ɗaga gefen abin tare zafi da aka shimfiɗa don ya ga abin da ke ƙarƙashi. Haka a tagogi: ɗaya a kowace fuskar gida a mataki na ɗaya, ƙoƙarin buɗe dukansu a na uku. Mutane da yawa suna biyan ƙaramin mataki su sa ran aikin babba, kuma laifin yakan koma ga mai dubawar da bai zaunar da su ya bayyana musu bambancin tun kafin a sa hannu ba. Rahotannin RICS kuma suna ba kowane sashe lamba da launi: 1 kore, babu gyaran da ake buƙata yanzu, 2 ruwan goro, akwai gyara amma ba na gaggawa ba, 3 ja, aibi mai tsanani ko mai neman gyara ko bincike nan take. Amfaninsa shi ne mai karatu ya san abin da zai sa a gaba, kada makullin ƙofa da ya saki ya zo kafaɗa da kafaɗa da rufin da ke yoyo.

Game da "a nemi ƙwararre", ƙa'idar RICS ta yi magana kai tsaye: idan aibin da ake gani ya sa zargin cewa ya shafi abin da ke ɓoye, wajibi ne a ba da shawarar ƙarin bincike, amma ba a yarda a rubuta haka don kawai ba a iya kaiwa ga wurin ba. An sa wannan ne saboda wasu sun mayar da jimlar mafaka, kowane shafi sai ka gan ta, har mai saye ya rasa abin da ya biya kuɗi a kai.

Injiniya Bala ya amsa:

Dattijo ya yi bayanin ƙa'ida, ni zan tsaya a kan tsagar da fentin, domin aika mutum wurin injiniya hannu rabbana shi ne abin da ya fi ba mu wahala. Ba a neman mai duba gida ya yanke hukunci kan dalilin tsaga, amma ana neman ya siffanta ta yadda wanda bai je wurin ba zai san me ake magana. A Birtaniya akwai ma'aunin da cibiyar binciken gine-gine ta BRE ta fitar a takardarta mai lamba 251, wanda injiniyoyi a ƙasashe da dama suke aro. Ya kasa tsagar bango shida bisa faɗinta da wahalar gyaranta: mataki na 0 mai siririn gashi ce, ƙasa da milimita 0.1, na 1 har zuwa milimita 1, na 2 har zuwa 5, na 3 daga 5 zuwa 15, na 4 daga 15 zuwa 25, na 5 kuma sama da 25. Ukun farko galibi matsalar kyan gani ce, na 3 da na 4 sun fara taɓa amfanin gida, inda ƙofofi ke cijewa, ruwa ke shiga, bututu ke iya karyewa, na 5 kuwa maganar tsayuwar ginin ce gaba ɗaya. Auna faɗin tsaga ba ya buƙatar fiye da ɗan katin awo da ke shiga aljihu, don haka rashin rubuta shi ba shi da uzuri.

Faɗi kaɗai ma bai isa ba. Abin da nake so in gani a rahoto shi ne: tsagar a jikin filasta ta tsaya ko ta shiga bulo, idan aka zagaya waje ana ganin ta a daidai wurin ko ba a gani, ta fi faɗi a sama ne ko a ƙasa, tana bin layin siminti tsakanin bulo hawa-hawa ne ko ta raba bulon gida biyu, gefunanta masu kaifi ne da tsabta, alamar sabuwa ce, ko ƙura da tsohon fenti sun cika ta, tagar tana buɗuwa da rufuwa lafiya ko firam ɗinta ya karkace, akwai babbar bishiya ko magudanar ruwa kusa da wannan kusurwa. Kusurwar taga wuri ne mai rauni a kowane bango, shi ya sa tsaga take yawan farawa daga nan, kuma sau tari dalilin ƙarami ne, kamar bushewar filasta ko lintar da ba ta hau bango sosai ba a gefe. Amma idan ta ratsa ciki da waje, ta fi buɗewa a sama, ta kuma gangara har ƙasan bango, to zargi ya koma kan fandisho, musamman a ƙasa mai yumɓu wadda take kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsuke idan ta bushe, ko inda saiwar bishiya ke zuƙe danshinta, ko inda bututu ya fashe yana wanke ƙasar da ke ƙarƙashi. Sanin ko tsagar tana ci gaba da motsi sai an manna mata abin awo an bi ta tsawon watanni, a ga yadda take a lokacin ruwa da lokacin bushewa, kuma wannan ba ya cikin aikin ziyara ɗaya. Mai dubawa na gari zai rubuta abin da ya gani, ya ce ga abin da yake zargi, ga kuma abin da zai iya biyo baya idan zargin ya tabbata.

Fentin nan kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Sabon fenti a ƙasan bango ɗaya tak, bangon da bayansa banɗaki ne, ya isa ya sa mutum ya durƙusa. Zai ƙwanƙwasa filastar da bayan yatsa ya ji ko tana amsa kamar babu komai a bayanta, ya haska tocila a gicciye a kan bangon domin hasken da ya kwanta yana fito da kumburi da faci da ido ba ya gani kai tsaye, ya duba ko farin gishiri ya fara fesowa ta cikin fentin, ya shinshina ƙasan ɗakin, ya latsa katakon da ke gindin bango, sannan ya shiga banɗakin ya buɗe famfo ya ga inda ruwa ke kwanciya da yanayin simintin da ke tsakanin tayil. Duk wannan yana cikin aikin gani da ido, babu fasa komai.

Na'urar auna danshi tana taimakawa, amma a yi hattara da ita. Irin wadda ake soka ƙusoshinta biyu an daidaita ta ne don katako, inda danshin da ya wuce kashi 20 cikin ɗari ke nuna haɗarin ruɓewa. A jikin bango kuwa gishiri yana sa ta nuna lamba babba ko da wurin ya bushe, don haka ana amfani da ita ne wajen kwatanta wuri da wuri, ba wajen yanke hukunci ba. Kyamarar da ke ganin zafi ita ma bambancin zafi da sanyi take nunawa, ba ruwa ba. Hoto mai launuka a rahoto yana burge mai saye, amma idan babu bayanin abin da aka gwada da shi, ado ne kawai.

Barista Zulai ta amsa:

Ina tare da su duka biyu, sai dai ina so in ja hankali kan wani abu da maganar "gani da ido" take iya rufewa. Kotuna ba su ɗauki iyakar aiki a matsayin katangar da mai dubawa zai ɓuya a bayanta ba. A Ingila, a shari'ar Roberts da J. Hampson ta 1988, alƙali ya bayyana cewa ko da aikin taƙaitacce ne, idan akwai takamaiman dalilin zargi, kuma sawun zargin ya bi ta bayan kayan ɗaki ko ƙarƙashin kafet, to wajibi ne safiyo ya ɗauki matakan da suka dace ya bi sawun har ya samu abin da zai gina ra'ayinsa a kai. Wato ba a ce ya ɗaga kowane kafet a kowane gida ba, amma inda alama ta nuna, ba zai juya baya ya ce ba ya cikin yarjejeniya ba. Sabon fentin da Malama ta gani irin wannan sawu ne.

Kan shafukan kare kai, shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Smith da Eric S. Bush, wadda alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, kotun ƙoli a wancan lokacin, suka yanke a 1989. Safiyon ya lura cewa an cire bangon murhu daga cikin ɗakuna, amma bai duba ko an tallafi bututun hayaƙin da ya rage a sama ba, ya rubuta cewa babu wani muhimmin gyara da ake buƙata. Daga baya bulullukan suka rufto cikin ɗakin kwana. Rahoton yana ɗauke da sharaɗin cewa ba a ɗauki alhakin komai ba, kuma an yi shi ne don mai ba da bashin sayen gida, amma kotu ta ce sharaɗin bai cika gwajin adalci na dokar 1977 kan sharuɗɗan kwangila marasa adalci ba, tun da kowa ya san mai sayen ƙaramin gida a kan wannan rahoto zai dogara. A Amurka al'amarin ya danganta da jiha: wasu kotuna suna amincewa da sharaɗin taƙaita diyya ga kuɗin aiki, amma dokar California ta ce irin wannan sharaɗi ya saɓa wa maslahar jama'a, ba shi da inganci. Don haka kada ki ɗauka cewa duk abin da aka buga a shafin ƙarshe ya zama doka, kada kuma ki ɗauka cewa banza ne. Dokar inda gidan yake ita ce mai raba gardama, da kuma ko kin ga sharaɗin kin sa hannu kafin a yi aikin ko sai a cikin rahoto kika fara ganinsa.

Amma ba na ba kowa shawarar ya sayi gida da niyyar cewa idan abu ya ɓaci zai kai ƙara. Ko an yi nasara, abin da ake samu yakan gaza abin da aka kashe. A shari'ar Watts da Morrow ta 1991, masu saye sun biya fam 177,500 a gidan da darajarsa ta gaskiya, da an san aibinsa, fam 162,500 ce, suka kuma kashe kusan fam 34,000 a gyara. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce haƙƙinsu shi ne bambancin daraja, fam 15,000, da ɗan abin da ba shi da yawa na wahalar da suka sha, ba kuɗin gyaran ba. Hujjar ita ce safiyo ba shi ya jawo aibin ba, kuma bai ba da garantin cewa gidan lafiya yake ba. Laifinsa shi ne ya sa an biya fiye da kima. Ƙarfinki yana hannunki ne yanzu da kuɗin bai fita ba.

Ummu Hafsat ta sake rubutawa:

Allah ya ƙara sani, na gode ƙwarai. Na koma na duba yarjejeniyar, babu sunan wata ƙa'ida a ciki, ba a kuma ambaci matakin aiki ba. Akwai abu biyu da ban faɗa da farko ba saboda ban ɗauke su da muhimmanci ba: dillalin da ke sayar da gidan shi ne ya haɗa mu da mai dubawar, sannan a ƙarshen ziyarar mai dubawar ya ce idan mun saya yana da ma'aikatan da za su yi mana gyaran tsagar da rahusa. Shin wannan ya halatta a ƙa'idar sana'ar? Kuma yanzu me ya kamata in nema daga gare shi?

Tsohon Safiyo ya amsa:

Malama, waɗannan biyun da kika bari a baya sun fi duk abin da muka tattauna nauyi. Dokar ɗa'a ta ASHI ta hana mamba ya yi gyara don kuɗi a kan sassan da ya duba har sai shekara ɗaya ta wuce, InterNACHI ma watanni 12 ta sa, California kuma ta mayar da hanin doka. Dalilin a bayyane yake: wanda zai ci kuɗin gyara yana da abin da zai sa ya kambama ƙaramin aibi, ko kuma ya yi shiru kan babba har a saya tukuna aikin ya faɗo hannunsa. Haka nan dokar ɗa'ar ASHI ta hana mai dubawa biyan dillali, kai tsaye ko a fakaice, don ya riƙa turo masa aiki, an hana shi karɓar lada daga ɗan kwangilar da ya ba da sunansa, an hana shi aikin da biyansa ya rataya a kan a yi cinikin ko a kan abin da rahoton zai ce. Dillali ya ba da sunan mai dubawa ba haramun ba ne, amma dillali yana samun nasa ne idan ciniki ya faɗa, kuma wanda abincinsa ke zuwa ta hannun dillali ya san cewa rahoto mai tsauri zai iya rufe masa wannan ƙofa. Ba lallai ne ya yi ƙarya ba, ya ishe shi ya sassauta lafazi, ya yawaita hotuna, ya bar babban abu a tsakiyar shafi na ashirin. Ko a Scotland, inda tun ranar 1 ga Disamba 2008 mai sayarwa ne yake samar da rahoton gida kafin ya sa shi a kasuwa, an tsara abin ne yadda safiyon zai kasance da alhaki a gaban mai saye, domin an san haɗarin da ke cikin mai sayarwa ya zaɓi wanda zai duba kayansa.

Ki rubuta masa, kada ki tsaya a waya, ki nemi ya amsa a rubuce: wace ƙa'ida ya bi, yana cikin wace ƙungiya ko yana da wane lasisi, yana da inshorar da ke biyan diyyar kuskuren sana'a ko ba shi da ita, kuma akwai wata alaƙar kuɗi tsakaninsa da dillalin. Ki nemi dalilin rashin shiga silin, idan tokare ƙofar aka yi a buɗe ya dawo ya shiga, ya kawo hotunan katakon rufi, da ƙarƙashin kwano ko tayil ɗin rufin, da duk inda tabon ruwa ko aikin gara ya bayyana, da yadda aka bi da wayoyin lantarki a ciki. Ki nemi awon tsagar da siffarta ciki da waje kamar yadda Injiniya ya zayyana, da bayanin bangon da aka sake wa fenti. Ta ɓangaren mai sayarwa kuma, ki tambaye shi a rubuce me ya sa aka yi wa wannan bango fenti, yaushe, kuma an taɓa gyaran bututu a banɗakin ko a'a.

A ganina, ko da ya amsa duka, tayin gyaran da ya yi ya riga ya rage wa ra'ayinsa kan tsagar daraja, don haka injiniyan da zai duba ta ki nemo shi da kanki, wanda ba dillali ba ne ya kawo shi kuma ba ya neman kwangilar gyaran. Ki ba shi rahoton farko ya karanta kafin ya je, ki kuma nemi mai sayarwa ya ƙara muku wa'adi a rubuce har sai sakamakon ya fito.